Karatun Uwa da Nauyin Jariri

A ƙasarmu in aka ce wance ta haihu, tambaya biyu ake yi. Ta fari, "Me aka samu?" Ta biyu, "Sun rabu lafiya?" In an amsa waɗannan, sai barka da shirin suna. Amma akwai tambaya ta uku wadda ba safai ake yinta ba, ita ce, "Nauyin jaririn nawa?" A kanta nake so mu yi magana a wannan wata, gama amsarta takan nuna ko yaron zai kai ranar suna, ko zai kai yaye, har ma da irin ƙarfin da zai yi in ya girma. Abin mamaki kuwa, amsar nan tana da dangantaka da shekarun da uwar ta yi a makaranta tun tana yarinya.

Mene ne ƙaramin nauyi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk jaririn da aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, watau giram 2,500, an haife shi da ƙaramin nauyi. Tsofaffin ma'aikatan asibiti sun san ma'aunin nan da laba 5 da rabi. Kusan nauyin tiya guda ta gero ke nan.

Jarirai masu ƙaramin nauyi iri biyu ne. Akwai bakwaini, wanda ya zo kafin cikin ya cika mako 37. Akwai kuma wanda ya cika watanninsa sarai, amma ya tsumbure tun a ciki domin abinci da jini ba su ishe shi ba. Wani jaririn ma yakan haɗa duka biyu.

Irin wannan jariri ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, saboda haka sanyi yakan kama shi ko da bazara ce. Bakinsa ba shi da ƙarfin tsotso, yakan gaji kafin ya ƙoshi. In bakwaini ne, huhunsa bai gama nuna ba. Cutar da wani jariri zai yi fama da ita ya tashi, shi sai ta kwantar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 19.8 da ƙaramin nauyi, watau kimanin 1 cikin kowane 7 a duniya. Cikin jariran da ke mutuwa a watansu na fari kuwa, fiye da 8 cikin 10 masu ƙaramin nauyi ne.

Wanda ya rayu ma, abin yakan bi shi. A ƙarshen shekarun 1980 wani likita a Ingila, David Barker, ya binciki tsofaffin littattafan da aka rubuta nauyin jarirai a gundumar Hertfordshire. Ya tarar waɗanda aka haifa ƙanana sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Daga baya aka ga haka yake ga hawan jini da ciwon sukari. Yarinyar da aka haifa ƙarama kuwa, in ba ta sami abinci sosai ba, takan girma gajera, ita ma ta haifi ƙaramin jariri. Haka abin yake zagayawa daga kaka zuwa jika.

A ƙauyukanmu ba a ganin girman matsalar, domin ba a awon jarirai. Babban binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na shekarar 2018 ya sami nauyin haihuwa na kimanin jariri 1 ne kaɗai cikin 4. Yawancin sauran an haife su a ɗaka, ba wanda ya ɗora su a sikeli. In irin wannan ya rasu kafin kwana bakwai, sai a ce bai zo da kwana ba, a binne shi ba suna, ba kuwa littafin da zai nuna ya taɓa zuwa duniya.

Abin da aka gani a Ibadan da Zariya

Maganar karatun uwa da lafiyar ɗa ba daga ƙasar waje aka kawo mana ita ba. A Nijeriya aka fara fito da ita fili. A shekarar 1979 wani masani ɗan ƙasar Ostareliya, John Caldwell, ya buga sakamakon binciken da aka yi a Ibadan da kewayenta. Ya nuna cewa cikin abubuwan da ke sa yaro ya rayu, karatun uwarsa ya fi kowanne ƙarfi, ko da an gwada gidajen da sana'ar mai gida da wurin zamansu iri ɗaya ne. Ya ba da dalili uku. Mace mai karatu ba ta naɗe hannu ta ce ciwo ƙaddara ce kawai. Ta san yadda za ta yi magana da ma'aikatan asibiti har su saurare ta. A cikin gida kuma maganarta tana da nauyi wurin mijinta da uwar mijinta.

Kusa da mu kuma, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta labarin haihuwa 22,774 bi da bi, daga 1976 zuwa 1979, aka buga shi a 1985. Matan da suka zo daga ƙauyukan ƙasar Zazzau ba su da bambanci da matan ƙasar Zamfara wajen abinci da al'ada. Abin da aka gani shi ne, waɗanda suka yi makaranta suka kuma je awo, su da jariransu sun fi rayuwa nesa ba kusa ba, ƙananan jarirai kuma sun fi yawa a wurin waɗanda ba karatu ba awo. Harrison ya ƙarasa da cewa babban maganin mutuwar mata wurin haihuwa shi ne a sa kowane yaro a makaranta, musamman 'ya'ya mata. Likita ne mai fiɗa, amma makaranta ya nuna mana.

Ta wace hanya karatu yake kai ga sikeli?

Mai karatu zai ce, "To, yaya baƙin da yarinya ta koya a aji uku zai ƙara wa jaririnta nauyi bayan shekara goma?" Tambaya ce mai kyau. Baƙi da lissafi ba sa shiga mahaifa. Hanyoyi ne dabam dabam, bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Ta fari, shekarun aure. Yarinya 'yar shekara 14 ko 15 ba ta gama girma ba. In ta ɗauki ciki, jikinta da abin da ke cikinta suna rabon abinci ɗaya, kowa yana ja. A Zariya an ga waɗansu 'yan mata masu cikin fari sun ƙara tsawo suna da cikin, musamman waɗanda aka ba su maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. Wannan ya nuna yara ne suke ɗauke da yara. Binciken 2018 ya nuna cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da ba su taɓa shiga makaranta ba, kashi 44 cikin 100 sun haihu ko suna da ciki. Cikin waɗanda suka wuce sakandare kuwa, kashi 1 ne tak. Kowace shekarar da yarinya ta ƙara a aji, shekara ce da ƙugunta da jininta suka ƙara ƙwari.

Ta biyu, awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, ta fara tun cikin wata ukun farko. A wurinmu kuwa kunya takan sa mai cikin fari ta ɓoye cikinta har sai ya fito, wata ma sai an kai ta gida goyon ciki a wata na bakwai kafin a yi maganarsa. Kunya ado ce, amma wata shidan da aka yi shiru, a cikinsu ne ake gina jikin jariri. A wurin awo ake gano hawan jini tun bai kai ga jijjiga ba. A can ake gano ƙarancin jini, da ciwon fitsari wanda yakan jawo naƙuda kafin lokaci, da tagwaye. Matar da ta iya karanta katinta ta san ranar komawa ba sai an tuna mata ba. Bambancin ya fito ƙarara wurin haihuwa: a binciken 2018, kimanin kashi 15 cikin 100 na matan da ba su yi makaranta ba ne suka haihu a asibiti, waɗanda suka wuce sakandare kuwa kashi 88.

Ta uku, zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayoyin wannan cuta sukan taru a mabiyiya, watau inda jariri yake samun abinci da iska daga jinin uwarsa, su tare hanya. Uwar tana iya yawo ba zafin jiki, alhali ɗan yana yunwa a ciki. Mai cikin fari ta fi kowa haɗari. Maganin rigakafinsa shi ne wanda aka fi sani da Fansidar. Ana fara sha bayan ciki ya wuce wata uku, sau ɗaya a wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa, a hannun ma'aikatan awo. Sai kuma kwana cikin gidan sauro kowane dare. Wadda aka koya mata a aji cewa sauro ne yake kawo zazzaɓi, ba ɗanyar masara ko rana ba, ba za ta mai da gidan sauronta shingen rani ba.

Ta huɗu, abinci da jini. A 2018 an tarar kimanin mata masu ciki 6 cikin 10 a Nijeriya jininsu bai isa ba. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo kullum ake shanta har a haihu. Mata da yawa sukan bari in sun ga bayan gidansu ya yi baƙi, ko kuwa domin an ce musu tana ƙara wa ɗa girma har haihuwa ta yi wuya. Wannan tsoro ya sa waɗansu ma sukan rage cin abinci da gangan. Baƙin bayan gida ba cuta ba ne, alama ce maganin yana shiga. Ƙaramin ɗa kuma ba ya tsare uwa daga wahala, gama macen da ba jini ba ƙarfi ita ce zubar jini kaɗan yake kayarwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ta biyar, tazara. Mahaifa kamar gona take, tana bukatar hutu. Masana sun ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke ƙyamar kwanika, suke barin yaro ya sha nono shekara biyu. Matar da ta yi karatu ta fi iya zama da mijinta su yi wannan shawara, su kuma nemi taimako a asibiti in suna so.

Ta shida, murya a gida. A yawancin gidajenmu ba mai cikin ce take yanke shawarar zuwa asibiti ba. Mai gida ne, ko uwarsa. Wadda ba ta san alamun haɗari ba sai ta ce, "Ba na jin daɗi," a ce mata, "Yi haƙuri, laulayi ne." Wadda ta sani takan ce, "Inna, fuskata ta kumbura, kaina yana sarawa, ina gani dishi-dishi, an ce mana in haka ta faru a tafi yau." Wannan magana ta fi wuyar turewa.

"Ai kuɗi ne, ba boko ba"

Na san wani zai ce 'ya'yan masu hali ne suke karatu, su ne kuma suke da nama da kuɗin mota, saboda haka wadata ce take ƙara nauyin jariri. Akwai gaskiya a nan. Takardar shaida ba ta cika tukunya, ba ta kuma gina asibiti inda babu.

Amma an sami hanyar rarrabe biyun. A shekarar 1968 ƙasar Taiwan ta ƙara karatun tilas daga shekara 6 zuwa 9, ta gina sababbin makarantu masu yawa. 'Yan matan da dokar ta kama ba su fi yayyensu dukiya ba, shekarar haihuwa ce kaɗai ta raba su. Da masana suka bi sawunsu, a binciken da aka buga a 2010, sai aka ga ƙarin karatun ya rage haihuwar jarirai masu ƙaramin nauyi, ya kuma rage mutuwarsu. A nan gida ma an yi irin wannan gwaji da shirin UPE wanda aka fara a 1976. Binciken da aka buga a 2008 ya nuna 'yan matan da shirin ya ƙara musu shekarun makaranta sun rage haihuwa da ƙuruciya. Ashe karatu da kansa yana aiki, ko da wadata ba ta ƙaru ba tukuna.

Kada kuwa wani ya ɗauki wannan magana ya zargi matar da ba ta yi karatu ba. Ba ita ta hana kanta ba. Tana 'yar shekara bakwai aka ɗora mata tallan fura, ko aka ce kuɗin littafi na ɗan'uwanta ne. In akwai laifi, a wuyan waɗanda suka yanke shawara yake, yawancinsu kuwa mu maza ne.

Halin da muke ciki

Duk wanda yake zaune a Banga, ko cikin ƙauyukan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ya san ba a zaune lafiya. A watan Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na shekarar, bayan an kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu. A 2025 Banga kanta ta yi makokin mutanenta da aka sace aka kashe bayan an biya kuɗin fansa. Uban da ya ji tsoron tura 'yarsa makaranta, ba wanda zai ce ba shi da dalili. Hanyar da ta hana yarinya zuwa aji, ita ce ta hana yayarta zuwa awo. Gonar da ba a noma ba kuma, ita ce tuwon da mai ciki ba ta ci ba.

A watan Yuni 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi. Kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Da yawa cikin irin waɗannan yara, yunwarsu tun a ciki ta fara.

Amma akwai abin da tsoro yake jawowa wanda ya kamata mu lura da shi. In an rufe makaranta wata uku, yara maza sukan koma. 'Yan mata kuwa, da yawa kafin a buɗe an ɗaura musu aure, domin iyaye suna ganin ɗakin miji ne mafaka. Kowane malami ya san yadda sunayen 'yan mata suke raguwa a rajista daga aji huɗu zuwa shida. Yarinyar da aka cire a bana, ita ce mai cikin fari ta baɗi.

Dokar ƙasa ta 2004 ta ce kowane yaro, mace ko namiji, yana da hakkin karatu kyauta na shekara 9. A watan Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar Zamfara. Tsaron hanya da gyaran makaranta aikin hukuma ne, ya kuma kamata mu riƙa tuna mata ba gajiya. Karantar da mata kuwa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta aika jajis ƙauye ƙauye suna koya wa mata a gidajensu, a zamanin da hanya ba ta fi ta yau aminci ba.

Abin da kowa zai iya yi

Uba. In makarantar kwana ta nesa ta ba ka tsoro, nemi ta jeka-ka-dawo mafi kusa. In kun yi gudun hijira zuwa Ƙaura ko Gusau, sa yaran a makarantar da kuka tarar tun makon farko, kada ka ce sai an koma gida. In kuɗi bai isa kowa ba, kada kullum 'ya mace ce za ta zauna. Kafin ka karɓi kayan aurenta, tambayi kanka ko jikinta ya isa ɗaukar wani jiki.

Mai gida. Ciki naku ne ku biyu. Ka ba ta izinin awo gaba ɗaya, har da na ranar da ba ka nan, ka kuma ajiye kuɗin mota tun da kaka. Ka sauke mata daka da ɗibar ruwa da itace a watannin ƙarshe. Hayaƙin murhu a rufaffen ɗaki ma yana rage nauyin jariri, saboda haka a yi girki inda iska take shiga. In aka dafa nama, kada rabonta ya zama romo.

Uwar miji. Ke ce kika fi kowa saurin gane ciki a gidan. In kunya ta rufe bakin surukarki, ke ki buɗe naki. Ki ce, "'Yar nan, shirya gobe mu tafi awo." Ba wanda zai yi miki gardama.

Mai ciki. Abincin da kike bukata yana kewaye da ke: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, daddawa, zogale, rama, alayyafo, kuka, kabewa, nono, ƙwai, da kifi ko hanta in an samu. Ki ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda kika saba. Kada ki sha shayi tare da abinci ko da ƙwayar jini, gama yana hana jiki ɗaukarta. Lemo da gwaba da tumatir kuwa suna taimako. Kada ki raina gyaɗa. A ƙasar Gambiya, a binciken da aka buga a 1997, an yi gwaji a ƙauyuka 28, aka riƙa ba mata masu ciki na waɗansu daga cikinsu biskit na gyaɗa da garin shinkafa kowace rana. Nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136, a lokacin yunwar damina kuwa da giram 201. Gyaɗa tana cikin kayan da suka sa aka ja hanyar jirgin ƙasa har Ƙaura Namoda a 1929. In mun iya cika taragu da ita, mun iya ajiye wa mai ciki kwano guda.

Ga alamun da ba a kwana da su: zubar jini, kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, da raguwar motsin ɗa.

Wadda ba ta sami makaranta ba. Ƙofa ba ta rufe ba, gemu ma ba ya hana ilimi balle goyo. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci a Arewa, manya suka koyi karatu a zaure da gindin itace. Zumuntar mata tana iya keɓe rabin sa'a kowane mako domin wannan. Littafin farko ya zama katin awo. A koyi ranaku da watanni, a koyi lambobi, a koyi inda ake rubuta nauyi da awon jini. A gayyaci maƙwabta kuma, kowace ce, gama zazzaɓi ba ya tambayar gidan wa ya shiga.

Malamai. Darasin kiwon lafiya ba na cika lokaci ba ne. A koya wa yara maza da mata tare, domin yaron da ke bayan aji yau, shi ne mai gidan da zai ba da izini ko ya hana. In yarinya ta yi mako ba ta zo ba, a taka har gidansu.

In jaririn ya riga ya zo ƙarami

A kai shi a auna a ranar ko washegari, ko da a gida aka haihu. In bai kai kilo 2 ba, ko ba ya iya kama nono, wurinsa asibiti.

Babban abokin gabansa sanyi ne. Kada a yi masa wanka a ranar farko, a goge shi kawai a rufe. Akwai wata dabara da wani likita, Edgar Rey, ya fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, sa'ad da kwalaben ɗumama jarirai suka kasa musu. Ana kiranta goyon kangaru. A sa wa jariri hula da ƙyallen tsuguno kaɗai, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonon uwarsa, fata da fata, kansa a juye gefe domin ya sha iska, a ɗaure da zane. Goyo ne irin wanda muka sani, sai dai a gaba. A yi shi aƙalla sa'a 8 a yini, in ya fi haka ya fi kyau. In uwa za ta huta, uba ko kaka su karɓa. A wani gwaji da aka buga a 2021, wanda aka yi a ƙasashe 5 har da asibitin Ile-Ife, fara wannan goyo nan da nan bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100.

Nono kaɗai za a ba shi, kowace sa'a 2 ko 3, dare da rana, ko da sai an tashe shi. Kada a zubar da dakashi, shi ne rigakafinsa na fari. Ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma. In tsotso ya gagare shi, a tatsa a ƙoƙo mai tsabta a ba shi kaɗan kaɗan. In ya ƙi sha, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi shawara, a tafi asibiti yana manne a ƙirji. Bakwaini da yawa sun rayu sun zama ƙarfafan mutane, kada a fid da zuciya.

Domin tattaunawa a gida

Cikin 'yan matan gidanku da suka kai shekara 6 zuwa 15, nawa ne suke zuwa makaranta a wannan zango? Waɗanda ba sa zuwa, me ya hana, wa kuma zai iya kawar da shi? In naƙuda ko zubar jini ta zo da dare, wa zai ba da izini, wace mota ko babur za a nema, wane asibiti za a nufa? A amsa waɗannan tun ana zaune lafiya.

Watanni tara na ciki ba su isa gyara abin da aka bari shekara goma ba. Wanda yake son jika mai ƙwari, sai ya fara da jakar makarantar 'yarsa. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa. Sai wata mai zuwa.